Kekuna biyar, ƙugiya ɗaya: ina zan ɗora su in na ja tirelar tanti?

Baban_Walid: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Watan jiya na sayi tirelar tanti ta hannu, irin wadda in an naɗe ta take komawa kamar akwati a kan taya biyu, in an isa masauki a waina ƙarfe rufin ya tashi, a zaro gadaje gaba da baya. Da Sienna nake jan ta. Mun kama wuri a gandun shaƙatawa na Itasca, can arewacin Minnesota inda kogin Mississippi ya faro, kwana huɗu in yara sun samu hutu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kekuna. Guda biyar ne: nawa, na uwargida, da na yara uku, autarsu 'yar shekara biyar. Da can a ramin ƙugiyar bayan mota nake soka kariyar kekunan, wato ƙarfen da ake ɗora su a kai, to yanzu tirela ta cinye ramin. Ina tunanin in kai wa mai walda ya manna min kariyar a bambar bayan tirelar. Akwai wanda ya taɓa yi?

DanMaradi_Montreal: Wa alaikumus salam. Kada ka yi.

Baban_Walid: Haka kawai, Malam? Ba bayani?

DanMaradi_Montreal: Ina wurin aiki ne. In na tashi zan ba ka labarin abin da ya same ni. Amma dai kada ka kai wa mai walda kafin nan.

Kawu_na_Kwari: Ni fa da na ga an ce Sienna na jan tirela sai da na sake karantawa. A nan Kano in ka ce tirela, wadda take ɗauko siminti ake nufi. Ashe ɗan akwati ne. To amma ku mutanen waje kuna ba ni mamaki. Kun bar gida kun tafi neman jin daɗi, Allah ya ba ku ɗaki da wuta da ruwa, sannan ku biya kuɗi a ba ku fili a daji ku kwana da sauro. Har da kekuna.

Maman_Husna: Kawu, in ka shekara a ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofarka wata biyar, yara na kulle a ɗaki sun zura wa waya ido, ranar da rana ta fito kai ma dajin za ka nema. Baban Walid, mu shekara shida ke nan muna jan irin wannan a Ontario, kuma a kan rufin tirelar muke ɗora namu. Akwai kariyar da aka yi musamman don haka, sanduna biyu ne a gicciye, kekunan su tsaya a kai. Daɗinta shi ne rufin bai wuce ƙirji ba in tirela na naɗe, ko ni ina iya ɗora keke ba sai na nemi tsani ba, kuma nauyin yana zama kusa da saman tayoyi, inda ya kamata. Wahalarta ɗaya: duk inda kuka tsaya kwana, sai an sauke kekunan kaf kafin a ɗaga rufi. Wayoyin ƙarfen da ke ɗaga rufin nan ba a yi su don su ɗaga kekuna huɗu ba, balle in akwai na'urar sanyaya ɗaki a sama, ita ma nauyinta daban. Maigidana ya taɓa cewa bari ya gwada da guda biyu a kai saboda ruwa na shirin sauka, da ya ji yadda hannun ya yi tauri ba wanda ya ce masa ya bari.

Baban_Walid: Hajiya na gode. Shin sai an huda rufin kafin a ɗaura sandunan?

Maman_Husna: Tamu an huda, amma a gefen rufin, ba a tsakiya ba, aka kuma cika ramukan da danƙo. Duk farkon bazara muna dubawa. Ka fara karanta littafin tirelarka, don ba kowane rufi ne aka yarda a ɗora masa kaya ba, wasu kuma an rubuta iyakar nauyin.

Injiniya_Bazazzagi: Kafin a yi nisa, bari in faɗi abin da ya sa DanMaradi ya ce kada a yi, ko da ban ji labarinsa ba na san inda zai ƙare. Tirela mai aksul ɗaya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyinta biyu, lilo ce. Tayoyi su ne tsakiya, abin da ka ɗora a baya yana ɗage gaba. A nan Amurka ƙa'idar da ake bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar mota. In ya gaza haka, da zarar ka kama babban titi ka fara gudu, tirelar za ta fara kaɗa gindi dama da hagu, wata babbar mota ta wuce ka iskarta ta ƙara mata, sai ka ga tirela ce ke tuƙa motar ba kai ba.

Mu yi lissafi da misali. A ce tirelarka da kayanta laba 2,400 ce, nauyin da ke kan ƙugiya laba 270. Lafiya lau, kana wajen kashi 11. Kekuna biyar da kariyarsu a ce laba 180. Daga aksul zuwa ƙugiya a ce ƙafa 10, daga aksul zuwa inda kekunan za su rataya a baya ƙafa 6. Ka ninka 180 sau 6 ka raba da 10, ka samu 108. Wannan shi ne abin da zai fita daga kan ƙugiya. Saura laba 162 a kan tirelar da yanzu ta koma 2,580. Ka faɗo kashi 6 da ɗoriya ke nan. Misali kawai na yi, lambobinka na gaskiya sai ka auna.

Kawu_na_Kwari: Injiniya duk wannan dogon lissafi, ai ko mai jaki ya san in mangala ta rinjaya gefe ɗaya sai an ƙara dutse a ɗayan.

Injiniya_Bazazzagi: Kawu ka faɗi gaskiya, mangala ce. Bambancin kawai jaki ba ya gudun mil 65 a awa.

Bakatsine_Hamburg: Injiniya ina da ja a kan wannan kashi 10 zuwa 15. A nan Turai ba haka muke yi ba. A Ingila shawarar da ake bayarwa kashi 5 zuwa 7 ce, kuma mutane na jan manyan karafan da ƙananan motoci ba abin da ke samun su. Kashi 6 ɗin da kake tsoratar da shi da shi, a wajenmu daidai ne.

Injiniya_Bazazzagi: Ɗan'uwa, nawa kuke gudu da tirela a Jamus?

Bakatsine_Hamburg: Kilomita 80 a awa. In ka samu takardar izini ta musamman, 100.

Injiniya_Bazazzagi: To ka ba wa kanka amsa. Kilomita 80 mil 50 ke nan. Baban Walid in ya hau babban titi, motocin da ke kewaye da shi suna mil 70 ko fiye, ko ya so ya rage sai sun tura shi. Kaɗawar nan da gudu take zuwa. Sannan tirelolinku an ƙera su da nufin wannan ƙaramin nauyi, inda aka dasa aksul ma daban ne. Ba a ɗauko ƙa'idar wata ƙasa a ɗora wa ƙirar wata ƙasa.

Bakatsine_Hamburg: Na yarda da batun gudu. Amma ko mu ɗin ma, yawancin waɗanda na sani a gaba suke ɗora kekuna, a kan ƙarfen nan mai kamar baka da ya haɗa tirela da mota. Ban da masu taurin kai.

Direba_Ohio: Ni babbar mota nake tuƙawa, shekara goma sha ɗaya, kuma daga inda nake zaune a sama ina ganin abin da mai jan tirela ba ya gani. Wallahi in kuka ga yadda kekuna ke rawa a bayan ƙananan tirelolin nan, ba za ku sake ɗaura komai a wurin ba. Mai motar na ciki yana jin rediyo, motarsa na da shokozoba, ba ya jin komai. Tirelar kuwa yawancinsu sifirin ne kawai, ga ƙananan tayoyi inci 12 ko 13, kowane ɗan rami sai ta yi tsalle, kuma can ƙarshen baya shi ne inda tsallen ya fi tsanani, kamar kujerar baya a tsohuwar bas. Gashi jikin tirelar ya tare maka madubi, ko keken ya faɗi ba za ka sani ba sai wani ya zo gefenka yana danna maka hon. Ni da na hango irin wannan a gabana nake sauya layi.

Baban Walid, ga abin da zan ce ka yi kafin ka kashe ko sisi. Ka loda tirelar yadda za ka tafi da ita, ruwa, tukunyar gas, akwatin sanyi, komai, ka zuba iyali a mota, ka je gidan man da manyan motoci ke tsayawa, ka hau ma'aunin manyan motoci da ake kira CAT. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ka auna sau ɗaya da tirela a haɗe, ka cire ta ka sake auna motar ita kaɗai. Bambancin nauyin motar tsakanin awo biyun shi ne abin da ke kan ƙugiyarka. Sannan ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne a jikin ginshiƙi da ta faɗi iyakar mutane da kayan da motar za ta ɗauka. Nauyin ƙugiya yana cikin wannan lissafi, mutane da yawa suna mantawa.

DanMaradi_Montreal: To na taso. Shekara uku da suka wuce na yi daidai abin da Baban Walid ke son yi. Ban ma kai wa mai walda ba, wani mahaɗi na saya wanda ake ɗaure shi da noti a jikin bambar, na soka kariyar motata a ciki, na rataya kekuna uku. Mun je mun dawo sau biyu lafiya, har ina yi wa abokai alfahari. Tafiya ta uku muna kan hanyar 401 wajen Kingston, sai wata mata ta jero da ni tana nuna baya da hannu, fuskarta kamar ta ga gobara. Na gangara gefe. Da na zagaya, bambar ta tsage daga inda aka yi mata walda a gefe ɗaya, ta lanƙwashe ƙasa, kariyar na jan kwalta. Keken babbar 'yata, wanda na saya mata kyautar sauke izu goma, tayar gabansa ta goge har bakin ƙarfe, robar hannu ta narke. Allah ne ya tsare bai ɓalle ya shiga ƙarƙashin motar wani ba. Da na sa yatsa a inda ƙarfen ya tsage, kaurinsa bai fi na gwangwanin man gyaɗa da yawa ba. Ashe bambar ado ce da ɗan kare fitila, ba a yi ta don kaya ba. Daga baya da na koma na karanta takardar kariyar, ƙarara aka rubuta kada a yi amfani da ita a bayan tirela. Ni ne ban karanta ba. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, shiru kawai ta yi har muka isa, wannan ya fi kukan ciwo.

Hajiya_Maryland: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa.

Baban_Walid: Amin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na fasa bamba.

Makerin_Houston: Ku dakata, kada a yi wa walda kuɗin goro. Ni sana'ata ce. Abin da ya samu DanMaradi laifin bamba ne, ba laifin baya ba. In aka kawo min tirela, ba na taɓa bambar, ƙarfe mai kauri nake gicciyawa in haɗa shi da ƙashin tirelar kansa, dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙasa, in fitar da rami inci 2. Sannan mutum ya sayi kariyar da kamfani ya rubuta cewa an yi ta don bayan tirela, akwai su, sun fi tsada kuma sun fi nauyi. Na yi wa mutane da dama, ba wanda ya dawo min da kuka.

Injiniya_Bazazzagi: Maƙeri, na yarda waldarka ba za ta karye ba. Amma ba ta canza lissafin lilo. Ƙarfen da ka ƙara ma nauyi ne a baya.

Makerin_Houston: Sai ya mayar da kaya masu nauyi gaba. Akwatin sanyi, jarkar ruwa, tukwane. Mangalar Kawu.

Injiniya_Bazazzagi: Zai gyara awon ƙugiya, gaskiya ne. Sai dai nauyi a can gaba da nauyi a can baya ba ɗaya ba ne da nauyi a tsakiya. Ka ɗauki sanda ka ɗaura dutse a kowane ƙarshe ka juya ta, ka ji yadda tsayar da ita ke wuya. In kaɗawa ta fara, haka tirelar za ta yi. Kekuna biyu marasa nauyi a ƙashin tirela mai ƙarfi, ba zan yi musu ba. Biyar kam a'a.

Makerin_Houston: Biyar ni ma ba zan karɓi aikin ba.

Hajiya_Maryland: Ni tambayata daban ce. Dole ne a tafi da biyar ɗin? Mu da muka je gandun shaƙatawa na Acadia a jihar Maine, na yara kawai muka ɗauka, ni da Alhaji muka yi haya a garin Bar Harbor. Akwai hanyoyin keken doki mil 45 da attajiri Rockefeller ƙarami ya gina, mota ba ta shiga, tsakuwa ce a daddale, yara suka yi ta gudu ba fargaba. Kwana biyar muka yi, amma mu manya kwana ɗaya kawai muka hau keke, sauran kwanakin ina bakin murhu shi kuma yana barci a ƙarƙashin bishiya. Da mun jawo namu tun daga Maryland, da wahalar banza muka yi. Yara kuwa keke shi ne rayuwarsu a sansani, tun asuba har magariba suna zagaye, da shi suke zuwa banɗaki, da shi suke yin abokai. Nasu ba a barin shi.

Dan_Minneapolis: Hajiya ta kawo magana. Baban Walid, Itasca ɗin ma akwai masu ba da hayar keke da kwalekwale a ciki lokacin bazara. Kuma akwai titin keke mai kwalta daga masaukin Douglas Lodge har inda kogin ya faro, kusan mil 6, autarka ba za ta iya duka ba amma manyan za su iya. A mafarin kogin za ku tsallaka Mississippi da ƙafa a kan duwatsu, ka riƙe musu takalman da ba sa santsi. Ka kuma tafi da maganin sauro da na kaska, na can ba sa wasa.

Kawu_na_Kwari: Na faɗa muku sauro.

Baban_Walid: Haya zai yi mini, amma uwargida ba ta hawa kowane keke. Nata mai saukakken ƙarfen tsakiya ne, da marufin sarƙa, saboda doguwar riga. Sai da muka sha yawo kafin mu samo shi, kuma a nan ta koyi hawa, da girmanta. In na ce a bar shi a gida, tafiyar ma an fasa.

Maman_Husna: Ka gaishe min da ita, ina bayanta. Irin wannan keken ka lura, ba ya zama daidai a kariyar da ake rataya keke ta ƙarfen tsakiya, sai ka sayi wata 'yar sanda da ake maƙalawa daga sirdi zuwa wuya. A kariyar da tayoyi ke zama a cikin kwalbati kuwa ba ruwansa.

Sabon_shiga22: Ni na ga wani abu a intanet, mahaɗi mai rami biyu, ƙasa na tirela sama na kariyar keke, kekunan su zauna tsakanin mota da tirela. Ba shi ke nan an huta ba?

Direba_Ohio: Ƙanena, karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Da yawansu suna rage ƙarfin ƙugiya har zuwa rabi, saboda sun tura ƙwallon ja baya. Sienna laba 3,500 aka ce ta ja, abin da ke sauka kan ƙugiya kuma wajen 350. In tirela ta riga ta ci 270, ka ƙara kekuna da kariya a wuri guda, ka wuce tun kafin a yi maganar ragi. Bayan motar zai zauna, gaba ya ɗage, fitilunka su koma haska saman bishiya, sitiyari ya yi sakayau. Sannan ranar da ka zo juya baya a ƙunci, feda ko hannun keke zai soki gaban tirelar ko tukunyar gas.

Sabon_shiga22: To, na janye.

Bakatsine_Hamburg: Shi ya sa na ce gaban tirela. A can ma ai ana sayar da irin kariyar da ke hawa saman tukunyar gas da batir.

Maman_Husna: Ana sayarwa, maƙwabcinmu a sansanin Mew Lake a gandun shaƙatawa na Algonquin ita yake da ita. Amma ita ma kusan duk nauyinta a ƙugiya yake sauka, biyu ne iyakarta ga mota irin ta Baban Walid. Kuma gadon gaba ta nan yake zarowa, sai an sauke kekunan, wani lokaci har kariyar, kafin a buɗe. Duk inda ka bi dai sai ka sauke kaya kafin ka kwanta. Tun da na ambaci Algonquin, duk wanda ke wannan yanki ya gwada tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke, kilomita 16, shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba gangara. Ku tuna a Ontario doka ce duk wanda bai kai shekara 18 ba ya sa hular kwano. Wurin kwana kuwa wata biyar kafin ranar ake buɗe kamawa, in ka yi barci ranar sai baɗi.

Kawu_na_Kwari: Wai me ya hana a ɗora su saman motar a ɗaure da roba? Na ga Fijo 504 ta taso daga Dawanau da buhu shida da kekuna biyu da akuya a sama, ta isa Daura lafiya.

Dan_Minneapolis: Kawu, saman mota hanya ce ta gaske, ba wasa ba, in da kariya mai kyau. Biyu ko uku za su hau, in bai wuce iyakar da littafin motar ya faɗa ba. Illarsa uku: mai zai ƙara shanyewa saboda iska, ɗora keken manya a saman Sienna sai da ɗan tsani da ƙarfin kafaɗa, na ukun kuma shi ne mantuwa. Ni na manta. Mun dawo daga tafiya a gajiye, na cire tirela a bakin titi, na danna maɓallin gareji na shige. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Keke ya tafi, kariya ta tafi, rufin mota ya lotsa. Yanzu in na ɗora keke a sama, sai in ɗauke maɓallin garejin in jefa shi can kujerar baya, don dole in tsaya in neme shi.

Hajiya_Maryland: Wannan dabara ta maɓalli zan gaya wa Alhaji yau ɗin nan.

Mai_kula_da_zaure: Jama'a, na goge saƙonni biyu na mai tallan kilishi. Talla ranar Asabar ce. Amma tun da an taɓo abinci: wanda zai je dajin da ake da beyar, kilishi da duk abin da ke da ƙamshi a cikin mota ake kulle shi, ba a tirelar tanti ba. Bangonta tamfol ne. A ci gaba.

Malam_Sokoto_Calgary: Ban ga wanda ya ambaci cikin tirelar ba. Ƙaramin keken autar ai zai shige ta ƙofa ya kwanta a ƙasa tsakanin kujeru ko da an naɗe rufi. Mu haka muke yi, mu naɗe shi da tsohon bargo don kada feda ta yaga katifa ko ta karce kabad. Na mai bi mata kuma a cire tayar gaba ya shiga but, in an kwantar da kujerun baya. Ku biyar ne, layi na uku ba kowa, ko rabinsa ka kwantar ya isa. Saura uku ke nan, matsalar ta ragu da kusan rabi ba ka kashe ko dala ɗaya ba.

Injiniya_Bazazzagi: Wannan ita ce magana mafi araha da aka yi tun safe. Sai dai a ɗaure na cikin but ɗin da kyau, in aka taka birki da ƙarfi kada ya tashi ya samu kan yara.

Baban_Walid: Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar na bi shawarar Direba, na loda komai muka je ma'auni, yara na ta murna wai an auna su kamar shanu. Tirela laba 2,310, kan ƙugiya 285. Injiniya, ka kusa cankar lambar. Na kuma duba littafin tirelar, an yarda a ɗora kaya a rufi in tana naɗe, ba a yarda a ɗaga da su ba, kamar yadda Maman Husna ta ce. Abin da nake gani yanzu: na autar a cikin tirela, na Walid a but, uku a rufin tirela. Sai dai da na duba rufin da kyau na ga wani tsohon tabon ruwa a kusurwar baya ta ciki, wanda ya sayar min bai faɗa min ba, na danna wurin da yatsa ya ɗan yi laushi. Yanzu ina tsoron in huda shi.

Makerin_Houston: In katakon ciki ya ruɓe, noti ba zai kama ba. Kada ka ɗora komai a kai sai an buɗe an gani. Kawo min hoton ƙasan tirelar, in ƙashinta mai kauri ne a yi maka abin kekuna biyu a baya, ɗaya a saman mota.

DanMaradi_Montreal: Maƙeri ka dawo da mu baya kuma.

Makerin_Houston: Ƙashi na ce, ba bamba ba.

Maman_Husna: Akwai irin kariyar da ake ɗamewa da bel a zagaye jikin rufin ba a huda ba, amma ita ma a kan rufin take zama, in yana da laushi ba ta tsira ba. Ni a wurinka, wannan tafiyar biyu a saman mota, naka da na uwargida, ɗaya a but, ɗaya a tirela. Na biyar fa, wa ke da shi?

Baban_Walid: Na babbar, Nana. Inci 24 ne, ba ya shiga but tare da na Walid, na gwada har na ɓata wa kujera fata.

Hajiya_Maryland: To kai ka bar naka ka yi haya mana. Nata da na mamanta su hau sama.

Baban_Walid: Hajiya, kamar kun haɗa baki da uwargida, ita ma abin da ta ce ke nan tun daren jiya. Nawa ne fa ya fi kowanne tsada, kuma ni na kawo shawarar tafiyar.

Kawu_na_Kwari: Kai ka kawo shawara, kai ka sayi akwati, kai za ka tuƙa mil 200, kai kuma za a bar wa keken haya. Barka da zama uba. In kun isa a turo mana hoton kogin nan da ake tsallakawa da ƙafa, ina so in gwada shi da Watari a watan Maris.

Direba_Ohio: Duk inda ka ɗora su, ka tsaya bayan mil 20 na farko ka zagaya ka girgiza kowane ɗaya da hannu, bel yana saki in ya ji hanya. Ka taɓa tayoyin tirelar ma ka ji zafinsu. Ka kuma duba gefen tayar, da yawa daga tayoyin ƙananan tirela mil 65 ne iyakarsu.

Sabon_shiga22: Tambaya a gefe, Baban Walid, in ba damuwa. Nawa ka sayi tirelar? Kuma mai tabon ruwa irin wannan, gyaransa na da tsada? Akwai wata da nake zawarci a nan kusa da mu.

Baban_Walid: Zan turo maka ta akwatin sirri. Amma in ka je gani, ka sa a ɗaga rufin har sama, ka shiga da tocila, ka danna kusurwoyi huɗun da yatsa kafin a fara maganar kuɗi. Maƙeri, ga hoton nan tafe, bari in samu wanda zai riƙe min fitila.